Madubin bindiga a ƙurar Maraɗi: abin da ke kashe shi da yadda zai daɗe

Ba a gane madubin bindiga mai kyau ranar da aka fito da shi daga kwali. A ranar kowane madubi tas yake nunawa, har na jabu. Ana gane shi ne bayan ya sha hunturu, ya sha bazara, ya sha damina, ya jijjigu a bayan babur daga Dakoro zuwa Gadabeji, sannan aka auna allo aka ga harsashi ya faɗa inda ya saba faɗawa. Ƙarkon madubi shi ne riƙe saiti. Hasken gilashi da yawan jawo abu kusa duk a baya suke zuwa.

Maganar ta shafi ma'aikacin gandun daji, da maharbi mai takardar izini, da manomin da ke korar janbaki daga gonar gero da bindigar iska. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, Gadabeji kuwa, gandun dajin da ke arewacin jihar Maraɗi, tun 1955 aka keɓe ta aka haramta farauta a cikinta. Masu riƙe da bindiga a can tsaron dabbobi suke yi, har da raƙuman dawa takwas da aka kawo daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. Mai irin wannan aiki ba shi da mai gyara a kusa, kuma ba kowace shekara ake ba shi sabon kayan aiki ba. Abin da ke hannunsa shi zai lallaɓa. A ganina kuma, a ƙasarmu ba harbi ne ke kashe madubi ba. Ɗauri mara kyau, gogar ƙura da bakin riga, zafin rana da jijjigar hanya, su ne ke cinye shi tun kafin ya yi harbi ɗari.

Sai an san abin da ke ciki ake gane dalilin lalacewarsa. Bututun waje na alminiyom ne, faɗinsa milimita 25.4, ko 30, ko 34. A cikinsa akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da nasa gilasai, gindinsa a kafe ta wajen ido, kansa kuma yana iya lilo. Mamurɗin sama yana danna shi, na gefe yana tura shi, wani ɗan sifirin kuma yana tokare da shi ta ɗaya ɓangaren don ya zauna manne da su biyun. Duk saitinka a kan wannan sifirin ya rataya. Kowane "ƙas" da ka ji idan ka murɗa, gusawa ce ƙanƙanuwa ƙwarai: a madubin da aka rubuta wa 0.1 mil, ƙas ɗaya santimita ɗaya ne a nisan mita 100. A wanda aka rubuta wa 1/4 MOA, kimanin milimita bakwai ne. Sauran abin da ke ciki shi ne giris a kan zare da mazamai, zobban roba a kowace mahaɗa, da busasshiyar iskar naitirojin ko argon da aka cika bututun da ita bayan an fitar da iska mai danshi. Tun ƙarshen shekarun 1940 ake wannan cikon, don kada gilashi ya yi gumi daga ciki.

Mu fara da ɗauri, domin yawancin madubin da ake zagi da cewa ba ya riƙe saiti, lafiyarsa ƙalau, zamansa ne ba daidai ba. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: idan tsakanin zobba biyun da ke riƙe da madubi santimita 10 ne, ɗaya ya gusa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kamar kaurin gashi ɗaya, to harsashi zai kauce da santimita 10 a mita 100, da 20 a mita 200. Ido ba zai ga gusawar ba, hannu ma ba lalle ya ji ta ba, amma allo zai nuna.

Kafin komai a cire harsashi, a duba ɗakin harsashi da ido da yatsa. Sannan a wanke ramukan noti da notunan kansu da alkol, a cire man da suka zo da shi daga kamfani, a goge cikin zobba da jikin bututun inda za su kama. Mai a wurin nan shi ne ke sa madubi ya riƙa zamewa. Notunan gadon da ke kan bindiga, wato ƙarfen da zobba ke zama a kansa, a ɗiga musu Loctite (gam mai hana noti kwancewa) shuɗi, 242 ko 243, ɗigo ɗaya ƙarami a kan zare. Kada a kusanci jan, domin ba ya kwancewa sai an gasa shi da wuta mai zafin digiri 250 ko kusa da haka. Idan gadon irin na Picatinny ne, faɗin kowace tsaga milimita 5.23 ne, na Weaver kuwa ya fi haka matsi, don haka zoben Weaver yakan sami wurin wasa a gadon Picatinny. Maganinsa shi ne a tura kowane zobe gaba, wajen bakin bindiga, har haƙorinsa ya tokari bangon tsagar, a riƙe shi a haka a ɗaure. Dalili: idan bindiga ta yi shuri baya take komawa, madubi kuma nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar gaba yake zamewa. Idan ya riga ya jingina da bango, ba shi da inda za shi.

Murafun zobba ne inda aka fi yin ɓarna. Mutum ya ga noti sai ya ɗaure shi kamar na ƙafar mota, yana ganin ƙarfi ne ya ƙara. Bangon bututun nan siriri ne. Yawancin kamfanoni suna rubuta ƙarfin ɗauri tsakanin 1.7 da 2 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa noti) ga murafun zobba, kuma takardar da ta zo da naka ita ce gaba da kowace magana. Idan aka wuce haka bututun yakan ɗan lotsa, ƙaramin bututun ciki ya riƙa maƙalewa: ka murɗa ƙas biyar ba abin da ya motsa, ka yi harbi ɗaya sai ya zabura ya wuce inda kake so. Mamurɗin daidaita nisa ya yi tauri, zoben jawowa, wanda ake juyawa don jawo abu kusa, ya riƙa cijewa. Abin da ya dace shi ne sukurudireba mai awon ƙarfin ɗauri. Idan babu, a sa dogon hannun kile alen cikin notin, a riƙe gajeren hannun da babban yatsa da manuniya, a murɗa har yatsu biyun su gaza. Ba awo ba ne na gaskiya, amma ya fi kama dogon hannu da tafin hannu nesa ba kusa ba. A ɗaure notunan bi da bi, kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, ana duba cewa giɓin da ke tsakanin murfi da gindin zobe daidai yake hagu da dama. Kada a sa Loctite a nan sai idan kamfanin ya ce a sa, domin ruwansa yana sa zare santsi, notin ya matse fiye da yadda awo ya nuna. Kuma a bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin zobe da gidan mamurɗai, da tsakaninsa da inda bututun ya fara buɗewa.

Idan an gama, a ɗauki jan farce a ja ɗan layi daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen da ke kusa da shi, a kuma ja layin fensir a jikin bututun daidai bakin zobe. Daga ranar, kallo ɗaya ya isa a san ko wani abu ya motsa. Wannan ƙaramar dabara ta fi sake ɗaure noti kowace safiya, wanda a ƙarshe cinye zare yake yi.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabarmu daga Nuwamba har Maris. Hazon hunturu da ke rufe Maraɗi, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso shi, ta haɗa da yashin da ta tarar a hanya. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin ma'adinin yashi wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, gilashi kuwa bai wuce 5.5 zuwa 6 ba. A saman gilashin kuma akwai shafe mai hana haske komawa baya, wanda kaurinsa wajen kashi ɗaya ne cikin dubu goma na milimita. To ka duba abin da ke faruwa idan mutum ya hura wa gilashi numfashi ya goge da gefen rawani: daidai yake da mai cuɗa tukunya da yashi. Ranar farko ba a ganin komai. Bayan wata uku, idan ka karkata gilashin a hasken rana za ka ga zane-zane sirara masu zagaye, tsakiyar ta yi fari-fari inda shafen ya tafi. Irin wannan madubi da rana tsaka yana aiki, amma da hantsi ko la'asar, idan rana tana gabanka, sai hoton ya yi madara, ba ka bambance barewa da kututture. Wannan ba ya gyaruwa.

Ga yadda ake sharewa. A kifa gilashin ya kalli ƙasa, a hura da ɗan famfon roba irin na masu kyamara ko masu gyaran agogo, ba da baki ba, domin yawu yana manna ƙurar. Sannan a bi da burushi mai laushi wanda ba a taɓa gashinsa da yatsa, daga tsakiya zuwa baki, har cikin lungun da gilashi ya haɗu da ƙarfe, don nan yashi ke taruwa. A sake hurawa. Idan gilashin ya fita, a tsaya nan. Ba kullum sai an goge ba, kuma ƴar ƙura kaɗan a gilashin gaba ba ta hana gani. Sai idan akwai shatin yatsa, ko maiƙon gashin ido, ko tabon ruwa, a ɗiga ɗigo biyu na ruwan goge gilashi a kan ƙyallen goge tabarau mai tsabta, a kan ƙyallen ba a kan gilashin ba, don kada ruwan ya gangara ya kwanta a kan zoben roba. A fara daga tsakiya ana zagayawa zuwa waje, ba dannawa, kowane zagaye da sabon gefen ƙyalle. Ƙyallen kuma a leda mai zif yake kwana. Wanda ya kwana a aljihu ya riga ya zama yashi. Alkol ɗin isofurofil mai ƙarfin 90 ko sama yana yi. Alkol ɗin farmasi na wanke ciwo sau da yawa ana sa masa kafur da launi, yana barin dusashe a gilashi. Takardar goge hanci, fetur, kananzir da ruwan cire jan farce, duk a nisanta su.

Idan laka ce ta fantsama ta bushe a kai, kada a kankare. Madubin da hatiminsa, wato zobban robar da ke toshe mahaɗansa, ke da lafiya yana jure a zuba masa ruwa a hankali har lakar ta jiƙa ta zube da kanta. Ruwan rijiya yana barin farin tabo idan ya bushe, don haka a ƙarasa da tataccen ruwa na farmasi. A kula kada a karɓi ruwan batir mai asid a madadinsa.

Ƙura ba gilashi kaɗai take ci ba. Tana shiga ƙarƙashin zoben jawowa, da zaren da ake daidaita ido, da gindin mamurɗai. Idan ka murɗa ka ji ƙaras-ƙaras, tsaya. Kowane juyi niƙa yashin yake yi a kan zoben roba, kuma ta nan iskar cikin take samun hanyar fita. A share mahaɗar da tsohon burushin haƙori mai laushi, a hura, sannan a murɗa a hankali. Kada a fesa WD-40 ko man bindiga a wurin. Yana narkar da giris, yana jan sabuwar ƙura, wani man kuma yana kumbura roba. Saboda wannan ne nake ganin mamurɗai masu murfi sun fi dacewa da dajinmu a kan dogaye buɗaɗɗu: ƙura ba ta kai musu, kuma reshen ƙaya ko igiyar rataya ba sa juya su ba ka sani ba. Murafun gilashi masu ɓallewa, gaba da baya, su zauna a rufe sai lokacin dubawa. Lokacin wanke bututun bindiga ma a rufe su, domin burushin yana fesa ruwan wanki daidai kan gilashi.

A Afrilu da Mayu zafi a inuwa yana haura digiri 40, baƙin ƙarfe a rana kuwa ko cikin mota a rufe yana wuce 60. Iskar da aka kulle a bututun tana faɗaɗa: daga sanyin asuba na digiri 25 zuwa 65, matsinta yana ƙaruwa da wajen kashi 13 cikin ɗari. Sabon zoben roba yana riƙe wannan ba wahala. Wanda ya tsufa ya bushe kuwa, da rana yana sakin kaɗan, da dare ya shaƙo iskar waje, kullum haka, har busasshiyar iskar ta ƙare ba wanda ya lura, sai damina ta tona asiri. Giris kuma yana yin ruwa ya bar wurinsa, tururinsa ya kwanta a gilasan ciki ya bar wani dusashe da ba a iya gogewa. Robar wajen ido ta yi danƙo. Ga kuma bambancin ƙarafa: alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bindiga, to gadon alminiyom a kan bindigar ƙarfe kullum cikin ja-in-ja yake da notunansa. Shi ya sa Loctite da layin jan farce suke da amfani a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera kayan.

Abin yi ba shi da tsada. Farin ƙyalle a kan madubi idan ana zaune a rana. Kada a bar shi a gaban mota ko a jingine da bangon da rana ke duka. A gida, ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano nesa. Kada kuma a ajiye bindiga gilashin gaba yana kallon rana a buɗe, domin gilashin yana tara hasken wuri guda ya ƙona abin da ke ciki. Duban rana ta cikinsa kuwa makanta ce nan take.

Akwai abubuwan da zafi ke jawowa waɗanda ba laifin madubi ba ne, kuma ya kamata a san su kafin a taɓa mamurɗi. Da rana tsaka iskar da ke tashi daga ƙasa tana sa allo rawa, har ya zama kamar ya ɗaga daga inda yake. Rage jawowa zuwa 4 ko 6 yana rage wannan. Harsashin da ya gasu a rana yakan fita da gudu fiye da mai sanyi, ya faɗa sama kaɗan. Bututun bindiga da ya yi zafi yana watsa harsasai. Don haka saiti da sassafe ake yinsa, da harsashin da ya kwana a inuwa, ana hutawa tsakanin harbi. Ƙotar katako ma tana da nata: tana kumbura da damina, ta tsuke da hunturu, notunan da suka haɗa ta da ƙarfe su saki. A duba su a farkon kowane yanayi.

Da damina, musamman Agusta, sai a bambance gumi iri biyu. Idan ka fito da madubi daga mota ko ɗaki mai sanyin na'ura zuwa iska mai danshi, ko raɓar asuba ta sauka a gefen tafkin Madarunfa, gilashi zai yi gumi ta waje. Wannan ba komai ba ne. A bar shi minti goma ya ɗauki zafin wurin, zai washe. Wanda ka goge gaba ka goge baya yana nan, wannan a ciki yake, hatimi ya mutu. Shanya shi a rana zai kore shi na yini ɗaya, gobe ya dawo. Kada a kwance shi. Duk wanda ya buɗe madubi a shago ya saki sauran iskar, ya shigar da ƙura, kuma ba shi da abin da zai sake cika shi. Rubutun kwali ma a karanta shi da kyau: IPX7 na nufin an nutsa shi a zurfin mita ɗaya na minti 30 ruwa bai shiga ba, alhali "yana jure ruwa" ba tare da lamba ba, ba ya ɗaure kowa da komai.

Hunhuna ita ce ɗaya cutar damina. Tana tsiro a kan gilashi idan danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, a wuri mai duhu mara iska, ta yi rassa sirara farare, kuma tana cin shafen har ta bar shati. Kube na fatar jar akuyarmu yana da kyau wajen tare bugu, ina kuma son ganinsa, amma ba wurin kwanan madubi ba ne da damina: fata tana riƙe danshi, ita kanta abincin hunhuna ce. Soson cikin akwati ma haka. Idan an dawo daga ruwa, a tsane jikin da ƙyalle, a buɗe murafu, a bar shi ya sha iska a inuwa har ya bushe sarai kafin a rufe. A akwatin ajiya a sa ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, kamar gram 50 zuwa 100. Masu launin lemo suna komawa kore idan sun ƙoshi, shuɗɗan kuma su koma ruwan hoda. A gasa su a zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, su dawo aiki. Maganin sauro na shafawa mai DEET yana narkar da roba da filastik, a wanke hannu kafin a taɓa madubi.

Babur kuwa, kada a ɗaure bindiga a kan kariyar baya ko a jikin ƙarfensa. Jijjigar hanyar burji ta awa biyu dubban ƙananan duka ce a kan sifirin ɗin nan da notuna. A rataya ta a baya cikin jaka mai soso, jikin mutum ya shanye jijjigar. A mota a shimfiɗa ta a kan abu mai laushi, madubi a sama, ba abin da ya danne shi. Madubi ba mariƙi ba ne, kada a ɗaga bindiga da shi. Ba kuma abin leƙen mutane ko dabbobin makiyaya ba ne, domin duk inda ya kalla can bakin bindiga ya kalla. Wannan aikin tabaron hangen nesa ne.

Bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karyawa a ɗana, tana yaudarar mutane. Ana ganin ba ta da shuri, sai a ɗora mata kowane madubi. Alhali ita sau biyu take duka: baya idan sifirin ya saki, sannan gaba da ƙarfi idan fistin ya kai ƙarshe. Madubin da aka ƙera don shurin baya kaɗai, ko mai tsada ne, tana iya kwance masa gilasai ko ta tsinke zanen saitinsa, wato layukan gicciye da ake gani a cikinsa. A nemi wanda aka rubuta cewa an yi shi don irinta, da zobba masu ɗan ƙusa da ke shiga rami a kan bindigar, domin a kanta baya madubi ke zamewa.

Ana iya gwada lafiyar cikin madubi ba tare da ɓata harsashi ko ɗaya ba. A sami kwali babba a zana masa layuka tsaye da kwance, tsakaninsu santimita 10, a kafa shi a mita 100 da aka auna da igiyar awo, ba da taku ba. A danne bindigar da ba harsashi a cikinta da buhunan yashi har ba ta motsi, a ɗora tsakiyar zanen saiti a kan mahaɗar layi ɗaya. A madubin 0.1 mil, a murɗa ƙas 20 sama: zanen zai sauka ƙasa da layi biyu cif, haka yake, ba kuskure ba ne. Sai 20 dama, 20 ƙasa, 20 hagu. Dole ya dawo inda ya tashi. A maimaita sau uku. Sannan a juya zoben jawowa daga ƙarami zuwa babba ana kallo, tsakiyar kada ta bar wurinta. A ɗan bubbuga bututun da tafin hannu. Idan zanen ya zabura, sifirin ya gaji ko zobba sun matse. A sassauta murafun zobba a sake gwadawa: idan ya gyaru, ɗauri ne, idan bai gyaru ba, ciki ne. A kuma ƙirga ƙas nawa ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a ga ko saitin yana kusa da tsakiya. Idan sai an kai mamurɗi kusan ƙurewa kafin a sami saiti, gadon ne a karkace, kuma sifirin da ya zauna a ƙurewa ba ya riƙo da kyau. Kafin duk wannan, a daidaita wajen ido ana kallon farin bango har zanen ya fito baƙi wuluk, a kuma motsa kai hagu da dama a ga ko zanen yana yawo a kan allo. Idan yana yi, mamurɗin nisa ne ba a daidaita ba.

Wajen saye, araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce, don na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun cika kasuwanni. A haska tocila a gilashin gaba: mai shafe na gaske yana maido haske kaɗan, kore-kore ko shunayya mai duhu. Wanda ya maido fari ƙal ba shi da shafe, kuma gilashi tsirara yana zubar da kusan kashi huɗu cikin ɗari na haske a kowace fuska. Idan fuskokin sun kai 16, kusan rabin hasken ya tafi. Mai jan gilashi mai ƙyalli kamar madubin ɗaki, ado ne kawai. A murɗa a saurara: ƙas ɗin ya fito sarai, ya tsaya daidai kan layi, ba laɓo-laɓo ba. A zaɓi bututun da aka sassaƙa daga ƙarfe guda, da zanen saitin da aka zana a jikin gilashi maimakon na siririyar waya. Ga aikin dajinmu, inda ba kasafai ake wuce mita 200 ba, ni na fi yarda da madubin 4 ko 6 mara canji, ko 3-9x40 (mai jawowa daga 3 zuwa 9) na kirki, a kan ƙato mai jawowa 25: kayan motsinsa kaɗan ne, mahaɗansa kaɗan, nauyinsa kuma bai wahalar da zobba. A bar tazarar ido ta santimita 8 zuwa 10 don kada shuri ya tsaga gira. Kuɗin zobba kuma kada a yi musu ƙwauro; madubi mai kyau a kan zobban gwangwani asara ce biyu. Garantin da ake taƙama da shi, sai ka tambayi kanka yadda za ka aika kaya daga Maraɗi zuwa Jamus ko Amurka su dawo, da watannin da za ka yi ba madubi.

Madubi mai fitila a ciki yawanci batirin CR2032 yake ci, mai bolt uku. Zafi yana rage masa kwana, don haka a canza shi kowace shekara bayan bazara, a cire shi idan za a ajiye bindiga fiye da wata ɗaya, a kuma duba ɗan zoben robar da ke murfinsa, domin ta nan ma ruwa ke shiga.

Idan bindiga ta faɗi, ko ta bugi dutse ko ƙofar mota, kada a ɗauka komai lafiya don gilashi bai fashe ba. A duba layukan jan farce da na fensir. A zura takarda tsakanin bakin madubi da bututun bindiga a ga ko giɓin yana nan yadda yake. A juya kowane mamurɗi da zobe a ji ko wani ya yi tauri. Sannan a je allo a yi harbi uku a mita 100 daga kan buhun yashi, a gwada da wurin da aka rubuta a littafi ranar da aka yi saiti, tare da irin harsashin da lokacin yinin. Idan ukun sun taru wuri guda amma sun kauce, a gyara saiti a ci gaba da aiki. Idan sun watse, kuma notuna da ƙota duk lafiya, a sauke madubin a koma ga saitin ƙarfe na kan bindiga har a sami wani.